Batirin injin huda ya mutu: a gyara ko a sayi sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sana'ar ɗora farantan sola ne a Tahoua, wani lokaci har da ɗaurin kwano. Aiki yana kai ni ƙauyukan Keita da Bouza da Abalak, inda sau da yawa babu wuta. Ina da injin huda marar waya mai volt 14.4, wanda yayana ya zo mini da shi daga Abijan shekaru da dama. A jikin batirin an rubuta Ni-Cd. Da batir biyu ya zo. Ɗaya ya daina karɓar caji tun bara, ɗayan kuma yanzu ko sukuru goma bai ɗaura ba sai ya fara nishi. Injin kansa lafiyarsa ƙalau. Na zaga kasuwa ban samu irin batirinsa ba. Wani yaro mai gyaran waya ya ce zai zuba mini ƙwayoyin batirin kwamfuta a ciki. A wani shago kuma na ga sabon inji cikin akwati, an rubuta masa 48V, da batir biyu da meshi iri-iri, kuɗinsa bai kai rabin na wani mai 18V da ke kusa da shi ba. Don Allah wace hanya zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya saka wa yayanka, don ya zaɓo maka abu mai ƙarko. Da wuya mako ya wuce a rumfata nan gefen kasuwar Katako a Yamai ba a kawo mini irin wannan ba. Mutum ya zo rungume da inji kamar jariri, ya ce lafiyarsa lau, batir ne kawai. To, batirin nan da ake ce wa "kawai" shi ne rabin injin, a kuɗi ma wani sa'in ya fi rabi.

Kafin a yi masa jana'iza, a tabbatar ya mutu. Mai aikin sola ba ya rasa mita. Batirinka ƙwayoyi 12 ne a jere a ciki, kowace volt 1.2. Idan ya sauko daga caja yanzun nan, kamata ya yi mita ta nuna sama da 16. Ka ga 13 ko 14, to wasu ƙwayoyin sun haɗe, ba sa riƙe komai. Idan kuma ya nuna lamba mai kyau, amma kana taɓa kunama ta faɗi ƙasa, tsufa ne ya kama su duka. Ka duba ƙarafan da batir ke haɗuwa da inji, in sun yi tsatsa ko kore ka goge su. Ka gwada cajar ita ma, don na sha ganin an zubar da batir mai rai alhali caja ce ta mutu. Amma yadda ka kwatanta, biyu suka bi juna cikin shekara guda bayan dogon aiki, na fi zaton wa'adinsu ne ya cika.

Rashin samunsa a kasuwa ba sakacin ƴan kasuwar Tahoua ba ne. Sinadarin kadmiyom da ke cikinsa guba ne, kuma tun ƙarshen 2016 Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin injinan hannu masu irin wannan batir kasuwanninta. Manyan kamfanoni dama sun riga sun koma litiyom. Saboda haka ko ka ci karo da irinsa a leda, a ce maka sabo fil, ka san ya yi shekaru yana kwance a kan kanta yana shan zafi. Sabo ne a ido kawai.

Maganar yaron nan mai gyaran waya, ka ba shi haƙuri. Ba mugunta yake nufi ba, sani ne bai kai ba. Ƙwayar batirin kwamfuta da ta injin huda mai litiyom girmansu ɗaya, sunansu ɗaya, 18650, wato faɗi milimita 18, tsawo 65. Halinsu ne ya bambanta. Ta kwamfuta kamar buta take: akwai ruwa a ciki, amma hancin siriri ne, an yi ta ne ta riƙa ba da amfiya kaɗan-kaɗan na sa'o'i. Injin huda kuwa, in meshi ya cije a cikin ƙarfe, zai iya zuƙar amfiya 20 ko fiye a lokaci guda, bokiti yake so a kifa masa. Ka matsa wa buta ta yi aikin bokiti, ƙwayar za ta ɗau zafi, ƙarfi ya faɗi, cikin ƴan watanni ka dawo inda ka fito. Kuma waɗanda zai zuba maka daga matacciyar kwamfuta aka ciro su, sun riga sun ci rabin rayuwarsu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsohuwar cajarka. An yi ta ne don Ni-Cd, ba ta san inda litiyom ke ƙoshi ba. Ƙwayar litiyom dole a tsayar da ita a volt 4.2. Aka wuce nan, sai kumburi, sai hayaƙi, sai wuta mai wuyar kashewa. Ka tuna inda kake sa caji: cikin ɗaki, kusa da katifa, yara na barci.

Ana iya mayar da injinka litiyom yadda ya dace, ni ma ina yi. Ana buƙatar ƙwayoyi 4 ko 8 na asali masu jure babban ja, irin Samsung 25R mai 2500 mAh da amfiya 20, da ɗan allon kariya da ke lura da kowace ƙwaya, a liƙa su da injin waldar ɗigo, ba da ƙarfen dalma ba, don zafin dalma na lalata su, sannan a sayi sabuwar caja mai volt 16.8. Ka haɗa kuɗin waɗannan da ladan mai aiki, ka maimaita don batir na biyu, za ka ga ka doshi kuɗin sabon inji matsakaici. Ga wanda ke zaune a Yamai, in abu ya tsaya ya hau kabu-kabu ya zo wurina, da sauƙi. Kai kuwa tsakaninmu ya kai kilomita 550, kuma ranar da zai tsaya, a kan rufin wani a Abalak zai tsaya. Ban ba ka wannan shawara ba.

Amma kar ka yar da injin. Ka buɗe mataccen batirin, ka fitar da ƙwayoyin, ka bar kwankon. Ka ɗaura waya mai kauri, irin wadda kake ja daga batir zuwa inbata, a ƙarafan nan biyu, ka sa fis na amfiya 30 a layin ja, ka sa maƙalai a ɗaya ƙarshen. Duk inda ka je aiki akwai batirin sola ko na mota mai volt 12. Injin zai ɗan rage gudu, amma zai yi ta juyawa har ka gaji. Ka lura da ja da baƙi kawai, kar ka juya su. Na san masu walda da ke huda da irin wannan shekara da shekaru. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu mu zo ga mai 48V.

Kwanakin baya wani kafinta ya kawo mini nasa, shi 88V ma aka rubuta masa, da manyan haruffa masu ƙyalli. Wata biyu da saye, ya daina huda katako mai kauri. Na kwance sukuru huɗun da ke ƙasan batirin a gabansa. Ƙwayoyi biyar muka tarar, a lulluɓe da shuɗiyar leda marar suna, an haɗa su da waya siririya kamar ta abin sauraron rediyo. Na ce ya ƙirga da kansa. Biyar sau 3.6, volt 18 ke nan. Na ɗora ƙwaya ɗaya a ɗan sikelina, ba ta kai giram 35 ba, alhali ta kirki tana kai wajen 45. Ya yi shiru, ya ce, "To sauran volt saba'in ɗin fa?" Na ce suna jikin kwali.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙwayar litiyom ɗaya volt 3.6 ce a aiki, 4.2 in ta cika maƙil. Uku a jere su ne 10.8, waɗanda ake rubuta wa 12V. Biyar su ne 18. Wasu kamfanonin na rubuta 20V, wasu 21V, duk ƙwayoyi biyar ɗin nan ne, sun dai ɗauki lambar lokacin da batir ya sauko daga caja. DeWalt ma abin da take sayarwa a Amurka da sunan 20V MAX, shi ne a Turai take kira 18V XR. Wannan ba ƙarya ba ce, salon talla ne. Amma kafin a samu volt 48 na gaskiya sai an jera ƙwayoyi 12 ko 13, batirin kuma ya yi nauyin da ba za ka so ɗaga shi sama da kai ba. In ka ɗauki batirin wancan shagon ka ji shi sakayau kamar akwatin ashana, ka samu amsarka. Wanda ya yi maka ƙarya a lambar da ke waje, me kake zaton ya zuba a ciki? Meshin da ke akwatin ma ado ne, huda biyu a ƙarfe bakinsu ya mutu.

Ba na cewa irin wannan inji ba shi da amfani sam. Mai gida da zai rataya labule sau biyu a shekara, ya ishe shi. Kai da injin ne ke ciyar da gidanka, a'a.

Lambar da ta fi volt muhimmanci a wurinka ita ce Ah, ita ke faɗa maka yawan abin da ke rumbun. Mai 2.0 Ah jeri ɗaya ne na ƙwayoyi biyar, mai 4.0 ko 5.0 jeri biyu ne, ƙwayoyi goma. Ka ninka volt da Ah kamar yadda kake yi wa batirin sola: 18 sau 2, 36 Wh, 18 sau 5, 90 Wh. Batir na gaskiya yakan rubuta wannan lambar a ƙasansa, ka duba ko lissafin ya fita. Mai 5.0 Ah na asali ya haura rabin kilo. Ni da zan zaɓa maka, ɗaya mai 2.0 don aikin sama da kai, inda nauyi ke kashe kafaɗa, ɗaya mai 4.0 ko 5.0 don huda ƙarfe da dogon yini. Babban ba daɗewa kawai yake yi ba, ƙwayoyi goma ne ke raba nauyin ja, don haka bai cika ɗaukar zafi ba.

Ga inda nake so ka fi tsayawa ka yi tunani. Ranar da ka sayi injin huda marar waya, dangi ka shiga. Kowane kamfani da siffar bakin batirinsa, na wannan ba ya shiga na wancan. Gobe za ka so injin yankan ƙarfe, jibi na ɗaure sukuru, ko fitila, duk kuma za ka so su ci batir ɗaya. Abin da ya same ka yau, inji mai rai babu batir, shi za ka guje wa nan da shekara huɗu ko biyar. Saboda haka kafin ka tambayi mai shago kuɗin inji, tambaye shi kuɗin batir shi kaɗai da caja ita kaɗai, kuma ka ce ya ɗauko ka gani. In ya ce sai an yi oda, ko ya ce ai ba ya lalacewa, ka yi masa sallama.

Makita na da dangin LXT tun 2005, kuma har yau batirin yana shiga injinan dangin. Ryobi ta riƙe siffar batirin ONE+ tun 1996, har sabon batirinta na litiyom yana shiga tsofaffin injinanta. DeWalt na da XR, Milwaukee na da M18. Sai dai akwai tarko ko a cikin gida ɗaya. Bosch shuɗi na ma'aikata da Bosch kore na aikin gida duka 18V ne, amma batirinsu ba ya shiga na juna. Makita ma tana da wani ƙaramin dangi da ake kira G, batirinsa ba ya aiki da LXT. Ingco da Total, waɗanda suka cika shagunanmu da na Ƙonni, suna da dangin P20S. Ba su kai waɗancan ƙarko ba a aikin yini-yini, amma batirinsu na samuwa, kuɗinsu kuma talaka na iya kaiwa. A ra'ayina, matsakaicin inji sabo da za ka samu batirinsa a Tahoua ko Ƙonni ya fi maka babban suna na gwanjo da batirinsa ya riga ya sha wahala a hannun wani. In aljihu ya kai ga babban suna sabo, madalla, amma ka je shagon da zai ba ka takardar saye da garanti. Jabun batir masu ɗauke da manyan sunaye sun yi yawa, launi ɗaya, rubutu ɗaya. Nauyi da kuɗi ne ke tona su: in an ce maka na asali ne a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa, ba na asali ba ne.

In gwanjon ne ya burge ka, ka juya cajar ka karanta bayanta. Kayan Amurka volt 120 suke ci, wutarmu 220 ce. Ka soka ta sau ɗaya, ƙara ɗaya za ka ji, shi ke nan. Wadda ta shigo ta Nijeriya mai ƙafa uku masu kusurwa ba ta da wannan matsala, mahaɗi kawai za ka sa mata.

Shi injin kansa ba sai na tsawaita ba. Bakin da ke riƙe meshi ya zama na ƙarfe, mai buɗewa har milimita 13, don mai 10 zai takura ka. Giya biyu: ta ɗaya a hankali da ƙarfi, wajen juyi 500 a minti, don ƙarfe da manyan sukuru, ta biyu da gudu don katako da ƙananan huda. Yawancin meshin da ke ƙonewa a hannun yara, giya ta biyu ce suka sa wa ƙarfe. Ƙarfin murɗawa da ake rubutawa da Nm, 50 zuwa 60 ya ishe ka. Zoben nan mai lambobi a wuyan inji shi ke hana ka murɗe sukurun kwano har robarsa ta fashe, ruwan damina ya samu hanya. Ka nemi mai alamar guduma, don za ka huda bulo ka kafa inbata da akwatin fis. A bangon laka ka kashe gudumar, in ba haka ba ramin zai zama kogo. Ginshiƙin kankare kuwa ya fi ƙarfinsa. Wannan aikin babban injin huda kankare ne da ake kira SDS, in ka matsa wa ƙarami a kai, batir da giya duka kake ci.

Masu shago za su ce maka akwai mai gawayi da marar gawayi, wato ƴan guntayen gawayin nan da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa a cikin inji. Marar gawayi ya fi daɗewa a caji ɗaya, bai cika zafi ba, babu abin canzawa. Mai gawayi ya fi araha, kuma in gawayinsa ya cinye, ko maɓallinsa ya mutu, kowane mai gyara zai tashe shi da kuɗi kaɗan. Marar gawayi in allonsa na lantarki ya ƙone, sau da yawa sai dai a canza allon gaba ɗaya, in an samu. Duk da haka, ga mai zuwa ƙauyen da ba wuta, inda kowane ɗigon caji ke da daraja, na fi karkata ga marar gawayi, muddin na kamfanin da ya san aikinsa ne. Marar gawayi na bogi shi ya fi kowanne saurin zama shara.

A shagon, kar ka ji kunya. Ka sa dogon meshi, ka ja kunama a hankali, ka kalli tsininsa. In yana rawa yana zana da'ira, bakin a karkace yake, ka ce a canza. Ka ja kunama kaɗan-kaɗan ka ji ko gudun na hawa sannu, ba zabura ba. Ka zare batir ka mayar sau uku, ka ji ya kama ƙam. Ka sa duka batiran a caja a gabansa.

Saura abin da takardar cikin akwati ta faɗa da ƙananan haruffa, mu kuma a ƙasar nan ya kamata a rubuta mana shi da manya: zafi. Masu ƙera batir na cewa a yi caji a wurin da bai wuce digiri 40 ba, kar a ajiye shi inda zai kai 50. A watan Afrilu da Mayu inuwarmu ma tana haura 40, balle kan kwano da azahar, balle cikin mota a rufe. Yawancin batiran da ake kawo mini ba aiki ne ya kashe su ba, rana ce. In ka hau rufi, batir na biyu ya zauna ƙasa a inuwa, kar ka ajiye inji a kan kwano ko kan faranti. Wanda ka gama aiki da shi yana da ɗumi, bar shi ya huce kafin caji. Ka mayar da cajinka asuba ko bayan isha'i. Caja mai hankali in ta ji batir da zafi takan ƙi farawa, tana ƙifta fitila. Ba lalacewa ta yi ba, jira take. In ya cika ka zare, kuma kar ka bar caja a soke in an ɗauke wuta, don dawowarta da ƙarfi ta kashe caja da yawa. Litiyom ba ya son a tatse shi tas kamar yadda aka saba yi wa tsohon naka. Ka ji ƙarfi ya fara sauka, canza. In za ka yi wata ba aiki, ka bar shi da rabin caji. Lokacin hunturu kuma ka riƙa hure ƙurar da ke toshe kafofin iskar injin da na cajar.

A ƙauye za ka iya caji daga inbata, amma ta zama mai tsabtataccen igiyar wuta. Ƙananan nan masu araha da ke sa fanka kuka suna ƙona wasu cajojin. Makita da DeWalt na da caja mai shan volt 12 kai tsaye daga mota, in ka shiga ɗaya daga cikin dangin nan ka tambaya.

Ƙwayoyin da za ka fitar daga tsofaffin batiran, kar su shiga bolar da ake cinna wa wuta, kar kuma yara su samu su fasa. Ka naɗe kan kowace da salatif, ka zuba su a gwangwani mai murfi, ka ajiye nesa da rijiya da abincin dabbobi. In wani naka zai zo Yamai, ka ba shi ya kawo mini, akwai durom da nake tara irinsu a bayan rumfa. Ka haɗo da tsohuwar cajar ma, in duba ta.